An yi mini canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Legas: in tafi da iyali, in tafi ni kaɗai, ko in haƙura?

Baban Hajara, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka taɓa zama a Kudu na tsawon lokaci har suka san cikinta da bayanta.

Ina aiki da wani kamfanin rarraba kayan masarufi a reshensa na nan Katsina, kuma an yi mini tayin ƙarin girma bisa sharaɗin in koma babban ofishin kamfanin da ke wajen Ikeja a Legas. Ƙarin albashin ya kai kusan rabin abin da nake karɓa yanzu, sannan akwai kuɗin gida da za a riƙa ba ni sau ɗaya a shekara. An kuma nuna mini a kaikaice cewa duk wanda ya ƙi zuwa babban ofishi, da wuya ya wuce matakin da nake a kai, ko da zai shekara ashirin yana aikin.

Abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi shi ne iyali. Maiɗakina malamar makarantar sakandare ce a ƙarƙashin gwamnatin jiha, muna da yara uku, babbarsu tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma dukansu suna zuwa Islamiyya da yamma. Mahaifiyata tana tare da mu a gidanmu na gado, shekaru sun ja, ko da yake ƙanena yana nan kusa da iyalinsa. Ba na biyan kuɗin haya, kuma daga gida zuwa wurin aiki tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur.

Abokaina sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa arziki yana Kudu, kuma duk wanda ya samu irin wannan dama ya tsaya tunani bai san ciwon kansa ba. Wasu kuwa suna tuna mini da abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyarsu ta komawa Kano, suna cewa ɗan Arewa a Kudu kullum zuciyarsa a ɗar-ɗar take. Ni kuma da na dubi halin da mutanen Batsari da Jibiya da Faskari suka shiga a 'yan shekarun nan, sai na kasa cewa zaman gida shi kaɗai ne zaman lafiya.

Tambayata ita ce, wanne ya fi dacewa: in kwashi iyali gaba ɗaya mu koma, ko in tafi ni kaɗai in riƙa zuwa ganin gida, ko kuwa in gode musu in ci gaba da zama a inda nake? Allah Ya saka wa duk wanda ya ba da shawara da alheri.

Tsohon Bafatake, Daura

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Baban Hajara, Allah Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri. Na yi ƙuruciyata da ƙarfina a Agege ina harkar goro da dabbobi kafin in dawo Daura in zauna, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko dai ka cire wa ranka cewa wani sabon abu za ka yi. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, a Gana ta yau, a ƙasa da jakuna, kuma tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko, wato Legas, da Kano wajen 1912 mutanenmu suka yi ta gangarawa Kurmi da shanu suna dawowa da huhunan goro. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, kuma a Agege da Idi-Araba da Obalande da Shagamu da Abekuta za ka tarar da gidajen Hausawa da aka haifi kakanni a cikinsu. Akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai, akwai makarantun allo, akwai masu fura da masu tuwo. Wanda ya ce maka Bahaushe ba ya iya rayuwa a Legas bai taɓa tsallaka gadar Jabba ba.

Sai dai kuma zamanmu da naka ba za su zama iri ɗaya ba. Mu da muka je a matsayin fatake, maigida ne yake sauke mu a zango, ya ba mu ɗaki, ya tsaya mana a ciniki, ya ɗauki la'adarsa, idan rigima ta taso shi ne mai shiga gaba. Kai kuwa ma'aikacin kamfani ne, babu maigidan da zai tarbe ka, kuma abin da zai fara cin albashinka shi ne haya. A can mai gida yana karɓar kuɗin shekara guda a dunƙule, sannan ejan ya karɓi nasa, lauya ya karɓi kuɗin rubuta yarjejeniya, a kuma ajiye wani kuɗi na jingina saboda ɓarnar da ba ka riga ka yi ba. Akwai dokar haya ta jihar Legas ta 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma mai neman gida cikin gaggawa ba shi da bakin musu. Saboda haka kafin ka sa hannu a takarda, ka nemi wani amintacce a can ya binciko maka kuɗin gida mai ɗaki biyu da falo a unguwar da ke kusa da wurin aikinka, ka kwatanta da kuɗin gidan da kamfani ya ce zai ba ka. Idan bai kai ba, to ƙarin albashin nan na mai gida ne, hannunka kawai zai biyo.

Abu na biyu shi ne hanya. Kai da ka saba da tafiyar 'yan mintuna, a can na san ma'aikatan da suke sallar Asuba su fita kafin gari ya waye, ba su dawowa sai bayan Isha'i, duk saboda cunkoson motoci, kuma acaɓar da ake tserewa da ita a dā an hana ta a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun watan Yuni na 2022. Sa'ar da ka yi ita ce Ikeja da Agege maƙwabta ne, kuma sabon jirgin ƙasa na cikin gari da ya taso daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a dukansu biyun. Da a ce ofishinku a cikin tsibirin Legas yake, da shawarata ta canza.

Game da tsoro kuwa, ba zan ɓoye maka ba, an yi rigingimu kuma an rasa rayuka: Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, Shasha a 2021. Amma idan ka bi diddiginsu za ka ga galibi a kasuwa ko tasha ko unguwar da mutane suka cunkushe suke farawa, daga ɗan saɓani tsakanin mutum biyu, sai ɓata-gari su shiga. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan dako da 'yan acaɓa da masu kayan gwari da 'yan cin rani, bayin Allah da ba su da mai tsaya musu. Kuma kada ka haɗa Kudu ka yi mata kuɗin goro. Ƙasar Yarabawa cike take da Musulmi, za ka ji kiran salla daga kowace kusurwa. Zama a Anacha ko Aba, inda masallatai ƙalilan ne kuma aka yi fama da zaman gida na dole ranar Litinin daga 2021, wani lissafi ne daban.

Shawarata ita ce ka fara samun yardar mahaifiyarka, yarda ta gaskiya wadda ba ta kunya ba, domin iyayenmu mata sukan ce "Allah Ya kiyaye hanya" alhali zuciyarsu ba ta so. Idan ta yarda, ka tafi kai kaɗai na shekara guda, ka kama ɗan ƙaramin wuri, ka tara abin da ka tara, ka bar yara a makarantarsu. Kuma duk abin da ka samu ka zuba shi a gida. Kada ka yarda a ja ka sayen fili a can, domin masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa suna iya sayar da fili ɗaya ga mutum uku, kuma ranar da ka kawo yashi za su zo karɓar kuɗi, ranar rufi ma su dawo.

Maman Ummi, Katsina

Assalamu alaikum. Baba, Allah Ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa game da haya da hanya haka yake, amma ina neman afuwa in saɓa maka a kan maganar tafiya shi kaɗai, domin mu mata mu ne muke ɗaukar nauyin irin wannan tafiya, kuma ba kasafai ake tambayarmu ba. Na zauna a Ibadan tare da maigidana lokacin da aikin gwamnatin tarayya ya kai shi can, na kuma ga matan abokan aikinsa da aka bari a gida, saboda haka na san ɓangarorin biyu.

Malam Baban Hajara, shekara ɗayar da ake cewa a gwada ba ta tsayawa a ɗaya. Daga Katsina zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, ko ta Mokwa da Ilori aka bi ko ta Abuja da Lakwaja, tafiya ce ta yini da kwana a mota, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake yi wa tanadi. Jirgin sama kuwa ba na ɗan albashi ba ne duk wata. Abin da yake faruwa shi ne mutum ya fara da zuwa duk wata biyu, ya koma sai da Salla, yara su girma suna saninsa ta waya. Sannan tukunya biyu za ka riƙa ɗorawa, ɗaya a can ɗaya a nan, ga kuɗin mota, ga tsaraba. Ita kuma maiɗakinka za ta haɗa aikin makaranta da kula da yara uku da kula da Hajiya, idan yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare ita ce za ta nemi mai kai su asibiti. Yarinyar da ke aji biyu a ƙaramar sakandare tana shiga shekarun da ta fi bukatar ganin mahaifinta a gida.

Amma kuma tafiya da ita ma tana da nata tsadar, kuma wajibi ne ka zauna da ita ku yi lissafin tare. Aikin gwamnatin jiha ba ya bin mutum zuwa wata jiha. Idan ta ajiye shi, shekarun da ta yi da matakin da ta taka sun tsaya a nan, kuma samun irinsa a ƙarƙashin gwamnatin Legas ga wadda ba 'yar jihar ba abu ne mai wuya. Abin da na ga wasu sun yi shi ne neman hutu ba albashi na wani lokaci, ko hutun ƙaro ilimi idan akwai karatun da take son yi, domin ƙofa ta zauna a buɗe. Makarantu masu zaman kansu na Musulmi suna da yawa a ƙasar Yarabawa kuma suna neman malamai, sai dai aikin ya fi yawa kuma babu tabbas irin na gwamnati.

Ta fuskar karatun yara ba ni da fargaba sosai. Yarana sun samu karatu mai kyau a can, kuma Yarabawa Musulmi suna riƙe da addini da gaske, akwai Islamiyyu da makarantun hadda. Maganar hijabi ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuni na 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin Legas. Sai dai ka sani akwai dokar jihar ta 2018 da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, kuma yara suna ɗaukar harshe da sauri fiye da yadda kake zato. Idan ba a dage da Hausa a cikin gida ba, watarana za ku zo hutun Salla ƙaramin ya kasa mayar wa kakarsa gaisuwa yadda ya kamata.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kaɗaici. A nan idan mace ta haihu, kafin a yanke cibiya gida ya cika, akwai mai dafa ruwan wanka, akwai mai dama kunun kanwa. A can maƙwabciyarki tana fita kasuwa da sassafe ba ta dawowa sai dare, kowa harkar gabansa yake yi. Na daɗe kafin in gane cewa ɗaga muryar matan kasuwa ba faɗa ba ne, haka suke ciniki, kuma idan kika gaishe da babba cikin ladabi da harshensu, sai ta ƙara miki barkono kyauta. Akwai kuma damina mai tsawo, wadda takan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, da laimar da take sa shanya ta kwana biyu ba ta bushe ba, har takalman da aka ajiye a lungu su yi fumfuna. Gero da dawa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa daga gida ake aiko mana ta hannun direbobin manyan motoci, domin na can sun yi tsada kuma sun kwana biyu.

Duk da haka, da za a sake ba ni zaɓi, bin maigidana zan yi. Idan Hajiya za ta samu kulawa a wurin ƙanenka, ka je ka yi wata uku ko huɗu ka samu gida da makaranta, sannan ka zo ka ɗauke su a ƙarshen zangon karatu.

Abu Safwan, Unguwar Alkali, Katsina

Wa alaikumus salam. Yayana Baban Hajara, Baba da Hajiya Maman Ummi sun yi magana a kan rayuwa, ni kuma zan taɓa ɓangaren takardu da doka, tunda a nan nake cin abinci.

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali a sashe na 42, ya kuma ba shi damar mallakar ƙasa ko gida a ko'ina a sashe na 43. Amma tsarin rabon guraben aiki da na karatu ya ginu ne a kan asali, wato ƙaramar hukumar da uban mutum ya fito, ba inda yake zaune yana biyan haraji ba. Harajin albashinka jihar Legas za ta riƙa karɓa da zarar ka koma can da zama, amma wannan ba zai mayar da 'ya'yanka 'yan jihar ba. Haka abin yake ga ɗan Inugu ko ɗan Ogbomosho da aka haifa a Katsina ko Funtuwa, kuma adalci ne mu riƙa tuna wannan duk lokacin da muke ƙorafin yadda ake yi mana a Kudu.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne ka karɓar wa kowane yaro takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarku kafin ku tafi, ka adana ta tare da takardun haihuwa. Za ta yi musu amfani ranar neman jami'a, domin a jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikin waɗannan. Jami'o'in jihohi kuwa galibi suna bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo, saboda haka Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za ta fi musu sauƙi ko da a Legas suka gama sakandare.

Ta ɓangaren kamfani, kada ka dogara da alkawarin baki. A rubuta maka sabon matakin da albashin, da kuɗin gidan da lokacin biyansa, da wanda zai ɗauki nauyin kwashe kaya da iyali, da asibitin da inshorar lafiyarku za ta koma, da kuma abin da zai faru idan bayan shekara biyu ka nemi dawowa reshen Arewa. Wannan na ƙarshen shi ne wanda mutane suke jin kunyar tambaya, alhali shi ne mafi muhimmanci. Fanshonka ba abin damuwa ba ne, domin a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka je. Idan kuma kana son ma'auni mai sauƙi na bambancin tsadar rayuwa, ka duba cewa lokacin da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a naira 70,000 a 2024, gwamnatin Legas 85,000 ta sanar, kuma ma'aikatanta ba su ce ya wadatar ba.

Akwai wani abu da ba a so a ambata amma dole ne. Jihohin Yarabawa na Kudu maso Yamma ba su da kotunan shari'ar Musulunci na gwamnati irin namu, sai dai kwamitocin sulhu masu zaman kansu da limamai. Duk wanda zai tara dukiya a can, ko asusun banki ne ko mota ko hannun jari, ya rubuta abin da ya mallaka da basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, ya sanar da wani amintacce a gida, domin kada magada su sha wahala.

Haifaffen Sabo, Daura

Assalamu alaikum. Ni tafiyata ta saɓa da taka, Malam Baban Hajara, domin daga Kudu na taho Arewa, kuma ina ganin jin wannan ɓangaren zai taimaka maka wajen tunanin makomar yaranka.

A Sabo ta Ibadan aka haife ni, mahaifina mutumin ƙasar Daura ne da ya je neman kuɗi bai dawo ba sai da ya tsufa. Bayan rikicin Shasha na yanke shawarar tattaro iyalina mu dawo tushe, na buɗe shagon kayan wuta da na famfo. Abin da na samu a nan ba shi da farashi: barci cikin natsuwa, gida mai fili da tsakar gida a kuɗin da ba zai kama ɗaki ɗaya a can ba, nono da fura na gaske, 'yan'uwa da za su tsaya maka a biki da mutuwa. Yarana sun ga hawan Salla da Sallar Gani da idonsu, an kai su rijiyar Kusugu, abubuwan da ni a bakin mahaifina kawai nake ji. Daura kuma, alhamdu lillahi, ba ta shiga halin da yammacin jihar da kudancinta suka shiga ba, irin wanda ya kai ga kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020.

Amma kasuwa a nan tana tafiya a hankali, kuma wannan shi ne abin da masu kiran a dawo gida ba sa faɗa. Cinikin da nake yi a rana ɗaya a Ibadan yakan ɗauke ni kwanaki a nan, rabinsa kuma bashi ne, bashin da ba ka iya matsa wa mai shi domin ko ɗan'uwa ne ko surukin ɗan'uwa. Kuɗi suna motsi ne idan an yi albashi ko an girbe amfanin gona. Rufe iyakoki da aka fara a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa harkar garuruwan kan iyaka irin su Kongolam da Jibiya sosai, kuma har yanzu mutane suna sa rai ne ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina. Zafin bazara a watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura 40, ya kusa mayar da maiɗakina inda ta fito, ƙurar hunturu kuma ta sa yaran tari a shekarar farko.

Abin da nake so ka riƙe shi ne na yaran. A can ana kallona ɗan Arewa duk da cewa a can cibiyata take, da na zo nan kuma aka ji Hausata da saurin maganata sai aka riƙa ce mini Bayarabe, cikin raha dai, amma raha mai ɗan ƙaiƙayi. Idan ka tafi da yaranka suna ƙanana kuka yi shekara goma, Legas ce za ta zama garinsu, abokansu da makarantarsu da abin da suka saba ci duk suna can, kuma ranar da kai ka ce za ka dawo gida, su ƙaura za su yi zuwa baƙon wuri. Wannan ba dalilin ƙin tafiya ba ne, amma dalili ne na kawo su kowane dogon hutu su zauna a gidan kakarsu, su yi wasa da 'yan'uwansu, su san hanyar Ƙofar Soro da kasuwa da ƙafarsu. A nan na ga hikimar mutanen Kudu da ke zaune a garuruwanmu, masu sayar da kayan gyaran mota da magunguna da masu ɗab'i da makanikai: duk ƙarshen shekara sai sun kwashi 'ya'yansu sun kai su garinsu, komai tsadar mota.

Ban goyi bayan ka ƙi tayin ba. Galibin manyan ofisoshin kamfanoni da bankuna, da tashoshin jiragen ruwa na Apapa, suna Legas, kuma muddin 'yan Arewa masu ilimi suna gudun zuwa can, za mu ci gaba da zama masu kai tumatir da shanu, wasu kuma suna zaune a inda ake yanke shawara.

Baban Hajara, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina amsoshin nan gaba ɗaya, kuma maganar hutu ba albashi da Hajiya Maman Ummi ta kawo ita ce ta fi kwanta mata, za ta bincika a ma'aikatarsu. Mahaifiyata ta ce in ba ta kwanaki ta yi addu'a kafin ta ba ni amsa, ni ma zan yi istihara. Na kuma rubuta wa kamfani ina neman sharuɗɗan a rubuce kamar yadda Abu Safwan ya ce, har da maganar dawowa reshen Arewa.

Baba na Daura, Allah Ya ƙara lafiya, ina da sauran tambaya gare ka. Ga mai iyali da zai riƙa zuwa aiki Ikeja, shin ya fi kyau ya kama gida a cikin Agege kusa da 'yan'uwa Hausawa, ko ya ɗan matsa wajen Ogba ko Ifako inda aka ce an fi samun natsuwa, ya riƙa shigowa zango sallar Juma'a da cefane? Kuma ta yaya baƙo zai gane unguwar da ruwa yake shiga gidaje da damina, tunda da rani zan je neman gidan?